Na tsira daga hatsarin mota, amma tunanin mutuwa ya hana ni sakat

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar malamai da ma'aikatan lafiya, da duk wanda Allah ya taɓa jarraba da irin abin da ya same ni. A daminar da ta wuce muna dawowa Kano daga Kaduna a motar haya, mun wuce Tashar Yari ba mu kai Kwanar Ɗangora ba, sai tayar gaba ta fashe, motar ta ƙwace wa direba, ta yi ta wuntsilawa har ta tsaya a cikin gonar dawa. Ni na fito da karaya a hannu da ɗinki a goshi, amma dattijon da ke gefena ko shurawa bai yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun a tasha ni ne a bakin taga, shi ya roƙe ni in bar masa wurin saboda yana son iska, na tashi na ba shi, kuma ta wannan ɓangaren motar ta fara dukan ƙasa.

Hannun ya warke, na koma shago, 'yan'uwa da abokan kasuwa sun gama zuwa jaje da barka da arziki, kowa yana cewa da sauran shan ruwana a gaba. Sai dai tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Da zarar barci ya ɗauke ni sai in ji ƙarar tayar nan a kunnena, in farka a firgice jikina sharkaf da gumi, in zauna ina kallon yarana ina lissafin wanda zai riƙe su idan ban wayi gari ba. A da ina cikin masu rige-rigen ɗaukar makara a unguwarmu, yanzu kuwa idan aka sanar da jana'iza a masallaci ƙafafuna ba sa iya kai ni maƙabarta. Na daina tafiyar kai kaya da karɓo kuɗi, har atamfofin da ya kamata in tanada domin kasuwar sallah na kasa sarowa, domin zuciyata tana ce mini ba lallai in kai lokacin ba. Ban faɗa wa maiɗakina komai ba, saboda ina jin nauyin a ce magidanci yana tsoron mutuwa. Shin wannan raunin imani ne? Kuma yaya mutum yake ci gaba da rayuwa bayan ya ga mutuwa ido da ido?

Almajirin Ƙofar Doka ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan wannan dattijo, ya sa kwanciya hutawa ce. Da farko ka sauke wa kanka zargin raunin imani. A farkon Sahihul Buhari an ruwaito cewa lokacin da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koma gida zuciyarsa tana bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, Nana Khadija ta lulluɓe shi har firgicin ya tafi, sannan ya ba ta labari ya kuma gaya mata cewa ya ji wa kansa tsoro. Wanda ya fi kowa cikar imani ya razana, bai kuma ɓoye wa iyalinsa ba, don haka ban ga dalilin da zai sa ka ɓoye wa taka ba.

Maganar kujera kuwa, abin da ka yi girmama na gaba ne, kuma ladansa kake fata. Aya ta ƙarshe a Suratu Luƙman ta nuna cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta, aya ta 154 a Suratu Ali Imrana kuma ta gaya wa masu cewa da sun zauna da ba a kashe su ba, cewa ko suna cikin gidajensu waɗanda aka rubuta wa mutuwa sai sun fita zuwa makwantansu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hanin cewa “da na yi kaza da kaza ya faru”, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Kwanan dattijon ne ya ƙare, naka kuma bai ƙare ba.

Labarin da nake so ka riƙe shi ne na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. A shekarar Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, ya kwanta ciwo a Makka har ya fid da rai, ba shi da magaji sai 'ya ɗaya, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah ya hana, ya nemi rabi, aka hana, aka yarje masa sulusi tare da gaya masa cewa sulusin ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Wannan mutumin da ya ɗauka tafiya ta zo, shi ya tashi ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya masu yawa, bai rasu ba sai wajen shekara ta 55 bayan hijira. Abin lura shi ne ba a bar shi ya rushe lissafin duniyarsa saboda jin kusancin ajali ba.

Saboda haka ka mayar da tsoron nan aiki. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa bai dace Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka zauna ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da ajiyar mutane da ke hannunka, ka sa shaidu, ka nuna wa iyalinka inda takardar take. Bayan haka ka je ka saro atamfarka, domin Imam Ahmad ya ruwaito umarnin cewa ko Alƙiyama ce za ta tsaya alhali akwai dashen dabino a hannun mutum, idan zai iya dasa shi to ya dasa.

Malamar jinya daga Barnawa ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka masa da alheri. Ni zan yi magana ta ɓangaren aikina, domin abin da ka lissafa, wato mafarkin abin da ya faru, da farkawa a firgice, da gudun mota da maƙabarta, da jin cewa kwananka ya kusa, alamomi ne da muka sani na ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ƙwaƙwalwarka ta zama kamar maigadin da ɓarayi suka taɓa haurawa a gabansa, ko kyanwa ce ta taka kwano sai ya zabura da sanda. A makonnin farko kusan kowa yana jin wani abu daga cikin wannan, kuma yawanci yana lafawa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutane suna haɗuwa da irin wannan tashin hankali a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu abin yake zame wa ciwo. Idan alamomin suka haura wata guda har suna taɓa sana'a da barci, kamar yadda naka suka yi, to lokacin ganin likita ya yi.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa, wato tsoron kada a ce sun sami taɓin hankali. Wannan ciwo ba hauka ba ne, kuma yawancin masu shi ba a kwantar da su, zuwa suke yi su koma gida. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri. Babban maganin shi ne zama da ƙwararre wanda zai bi da kai cikin abin da ya faru daki-daki har tunawa da shi ya daina tayar maka da hankali, sannan ya taimake ka ka koma ga abubuwan da kake gudu sannu a hankali. Gudun yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne yake raya tsoron. Wani lokaci likita yakan haɗa da ƙwaya, gwargwadon abin da ya gani.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka sayi maganin barci irin su diyazafam a kyamis, kada kuma ka kusanci tiramadol ko maganin tari mai kodin. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da dangin diyazafam wajen magance firgici da rashin barcin da ke biyo bayan irin wannan lamari, ga kuma haɗarin sabo da su. Addu'a da azkar da ruƙiya ta shari'a ka ci gaba da su, ba su hana asibiti ba. Idan kuma tunanin ya taɓa juyawa ya koma son mutuwar ko cutar da kai, kada ka kwana ba ka gaya wa wani ka je asibiti ba.

Maman 'yan biyu ta rubuta:

Yayana, sannu da wannan jarrabawa. Ni jijjiga ce ta kama ni a wajen haihuwa, ban san inda kaina yake ba sai da na farka na ga ledar ƙarin jini a rataye, mahaifiyata tana zaune a kan tabarma da carbi idanunta sun kumbura. Daga baya na ji cewa har an fara kiran dangi na nesa. Duk tsawon wankan jego, gida cike da 'yan barka, ni kuwa da an kashe fitila sai in ji kamar ƙasa ake turo mini, in kasa rufe ido saboda tsoron kada in tafi in bar jarirai.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne duk wanda na fara yi wa maganar sai ya tare ni da cewa in gode wa Allah, wasu ba su tashi ba. Gaskiya suka faɗa, kuma ina godiya dare da rana, amma wannan amsa rufe mini baki ta riƙa yi, har na fara ganin kaina a matsayin mai butulci. Ina so masu karatu su gane cewa mutum yana iya gode wa Allah kuma yana cikin firgici a lokaci guda. Wadda ta buɗe mini hanya gwaggona ce, da ta zauna ta bar ni na faɗi komai har na yi kuka mai isata, ba ta katse ni da wa'azi ba, sai da na gama ta ce ita ma ta ga irin wannan bayan ɓarin da ya kusa tafiya da ita.

Game da maiɗakinka, ina tabbatar maka ta riga ta sani. Macen da kuke kwana ɗaki ɗaya ba za ta kasa lura da mijinta yana zabura cikin dare ba, wataƙila ma tana can tana zargin kanta ko tana tunanin wani laifi ta yi. Ka gaya mata. Ni tsoron bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo duk ranar da zan je awo, amma ya daina hana ni barci, kuma shi ya sa na nemi yafiyar wata 'yar'uwata da muka daɗe ba ma ga-maciji.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi wa maiɗakina bayani, kuma kamar yadda Maman 'yan biyu ta faɗa, ta ce ta daɗe tana lura. Zan je asibiti in sha Allahu. Saura abu ɗaya da ke damuna: ina asibiti aka yi jana'izar dattijon, ban yi wa iyalansa ta'aziyya ba, ban ma san garinsu ba. Ya dace in neme su yanzu, ko zan tayar musu da mikin da ya fara warkewa ne?

Tsohon direba daga Funtuwa ya rubuta:

Ɗana, ka neme su, domin iyalan mamaci suna ƙishirwar jin labari daga bakin wanda ya ga ƙarshen nasu. Ka koma tashar da kuka taso ka sami shugabannin ƙungiyar direbobi, a wurinsu ake ajiye takardar da fasinjoji ke rubuta suna da lambar ɗan'uwa, kuma motar da ta yi hatsari har aka rasa rai ba sa manta ta. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki wani babba a gidanku, ku riƙe ɗan abin sadaka. Idan ka ji ya yi salati ko kalmar shahada lokacin da motar ta ƙwace, ka gaya musu, idan ba ka ji ba kada ka ƙara ko kalma ɗaya don ka faranta musu. Maganar taga kuma ba laifi ba ce da za ka je neman gafara a kanta, idan zancen ya kawo ta ka faɗe ta yadda ta faru.

Wannan tafiya za ta iya zama komawarka kan hanya, amma ka fara da gajeru a cikin gari tukuna, ka kuma shawarci likitan da za ka gani. Ranar tafiyar ka fita da safe, ka duba tayoyin motar kafin ka biya kuɗi, akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Dokar hanya ta kayyade wa motocin haya kilomita 90 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, idan direba ya zarce ka yi masa magana, idan ya ƙi ji ka sauka a gari na gaba ka nemi wata motar.