Neman kalmar Hausa: me za mu kira "diplomatie parlementaire"?

Mai fassarar labarai a rediyo, Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Nufinta 'yan majalisar ƙasashe su riƙa ziyartar juna suna tattaunawa, ban da abin da gwamnatoci ke yi. Kullum "diflomasiyyar majalisa" nake cewa, amma tsohuwata a Bagalam ta tambaye ni ko sunan magani ne. Ku taimaka kafin labaran dare.

Malamin makaranta, Tibiri: Jakadancin majalisa. An gama.

Wani dattijo, tsohon ma'aikaci: Malam, da sauranka. Jakada bakin wanda ya aiko shi ne, abin da aka ce ya faɗa shi zai faɗa. Depite kuwa, wato ɗan majalisa, jama'a suka aiko shi, yana iya saɓa wa gwamnatinsa. Ku tuna watan Agusta 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi barazanar kawo soja Nijar: majalisar dattawan Najeriya ce ta shawarci shugaba Tinubu ya bi hanyar sulhu, sanatocin arewa suna gaba. Jakada ba ya haka.

'Yar kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa: Baba, to a ce biko mana! Mun yi yaji daga CEDEAO tun Janairun 2025, duk mai zuwa lallashi ai ɗan biko ne 😂

Dattijon: 'Yata, biko sai an ɓata. Wannan aiki ko ana zaman lafiya yinsa ake. Majalisar CEDEAO da ke Abuja kujera 115 aka tsara mata, Najeriya 35, mu 6 kafin mu fita, an yi shekaru ana zama tare ba rigima. Ni zumuncin majalisu zan ce. Zumunta a ƙafa take, su ma tafiyar ce jarinsu, tunda ba su sa hannu kan yarjejeniya.

Malamin: Baba, zumunci ya yi taushi. A zaman nan ana ciniki, ana ja-in-ja kan iyaka da kuɗin fito. Hulɗar majalisu fa?

Mai fassara: Hulɗa ta yi faɗi, malam, har mai shago hulɗa muke da shi. Su kuma 'yan'uwa ai sun fi kowa ja-in-ja, je ka ga rabon gado. Yau da dare "zumuncin majalisu" zan karanta. In rikici ake kashewa in ƙara da "shiga tsakani". Hajiya, bikonki na ajiye wa shirin barkwanci na Asabar.