An kira mu zaman shawara kan binciken sikila, in je?

Maman Biyu: Salamu alaikum. 'Yata tana da sikila. Asibitin da muke zuwa ya kira mu iyaye zaman shawara kafin a fara wani bincike. Za a ji tamu kuwa, ko sa hannu kawai ake nema?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana da tushe. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin magunguna Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, yara 200 a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan na cikin abin da ya jawo ƙin rigakafin shan inna a 2003. Don haka ki je, a yi komai a gabanki.

Malamar Jinya: Yaya, tambayi wane kwamitin ɗa'ar bincike (masu kare haƙƙin waɗanda za a yi bincike a kansu) ya amince da shi. A karanta miki takardar yarda da Hausa. Ko kin janye, dole a ci gaba da duba yarinya. Ki faɗi abin da likita ba ya gani: ciwon ƙashi cikin dare lokacin hunturu, kuɗin mota, fashin makaranta.

Maman Biyu: Na gode. Zan kuma nemi su dawo su faɗa mana abin da maganarmu ta canza.