Babba ma ana duba shi kan otizim a Yamai?

Ɗan Adar: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 34, kwantabul nake a Tawa. Bara lokotoro ya ce ɗan yayata yana da otizim (wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, mai shafar magana da mu'amala da mutane), kuma tambayoyin da aka yi wa uwarsa kamar ni ake kwatantawa: ba na iya kallon mutum cikin ido, hayaniyar biki na rikita ni, in aka canza mini tsarin aiki ba sanarwa sai in wuni a birkice. Na yi gwajin AQ na auna alamun otizim a intanet, mai tambaya 50, makina ya hau. Ina da hutu wata mai kamawa. In biya kuɗin kar in je Yamai, ko in haƙura? Suna karɓar manya? Dole sai da Inna?

Hajiya ta Wadata: Allah ya ba yaron lafiya. Ku gaggauta kai shi tun yana ƙarami.

Ɗan Adar: Amin Hajiya. Amma ni ne za a duba, ba yaron ba.

Na Bukoki: Mutumin da ke lissafin miliyoyi? In rashin son biki ciwo ne, ni ma a rubuta mini takarda in nuna wa surukaina.

Maman Biyu: Ƙanena, ji nawa tukuna. Ɗana bai yi magana ba sai bayan shekara 5. Dangin ubansa suka ce aljanu ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka baƙin bunsuru. Kishiyata ta ce bakin uwa ne. Da muka koma wata kilinik sai aka sa mu hoton kai da gwajin jini, jika 120 suka tafi, aka ce komai lafiya, aka ba mu ordonas ɗin maganin da ya mai da shi mai barci dare da rana. Awarwarona na sayar. Daga baya wata likitar yara ta zauna da mu, ba allura ba na'ura, tambaya kawai da kallon yadda yake wasa, ta faɗa mana sunan abin. Ubansa har gobe bai yarda ba.

Majo Tsoho: Abin da ya faru da ke ya nuna gaskiyar lamarin: ba a ganin otizim a jini ko a hoto. Ga babba, likitan ƙwaƙwalwa ko sikolog (masanin halayyar ɗan adam) ne ke yin hira mai tsawo, kuma yana son jin yadda yarintarka ta kasance, don alamun tun ƙuruciya suke farawa. Ka tafi da Innarka, in tafiyar kilomita 500 da wani abu za ta wahalar da ita, yayarka ta isa. Gwajin intanet ba hukunci ba ne. Ka fara da sashen ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, Pavillon E. Ganin likita a na gwamnati bai wuce 'yan jikkuna ba.

Na Bukoki: Pavillon E? Ranar da aka gan ka a ƙofar nan, labari ya riga ka isa Tawa.

Hajiya ta Wadata: Wane 'yan jikkuna? Ƙawata jika 15 take biya kowane zama.

Maman Biyu: Mu 25 muka biya, kuma zama uku.

Bafaranshe: A nan Faransa akwai cibiyoyin otizim da ake kira CRA, suna aiki da ADOS-2, gwajin gano otizim ta hira da lura, wanda ke da sashe na manya. Tun 2013 littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa ya haɗe Asperger (nau'in da ba ya jinkirta magana) cikin otizim, don haka mai aiki da iyali ma yana iya kasancewa ciki. Amma jiran layi kan wuce shekara.

Majo Tsoho: Ɗana, a Nijar muke. Shekara 30 na yi da farar riga.

Maman Biyu: Da girmanka Baba Majo, masu farar rigar ne suka cinye mini awarwaro. Wanda bai kwana da irin yaron nan ba ya rage murya.

Bafaranshe: Shi fa tambayarsa ta babba ce, Yaya.

Maman Biyu: To in ya samu takardar, me za ta yi masa? Ba magani, ba tallafi. Ni takarda na hannuna, lakwal uku masu zaman kansu sun mayar mini da yaro, ɗaya bayan ta karɓi kuɗin shekara.

Hajiya ta Wadata: Kuɗin lakwal kam sai addu'a. Bana sun ƙara, ga kuɗin riga, ga na littattafai dole a wurinsu za ka saya.

Ɗan Adar: To batun Inna fa, in ta ƙi zuwa?

Na Bukoki: Hajiya, taku nawa suka ƙara? Tamu har kuɗin fanka suka saka, wutar ma babu.