Hotsifot a hoton ƙashi da hotsifot a ƙwayar gado: abu ɗaya ne?

Ɗalibar_Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Kalmar hotsifot ta rikita ni. A takardar sakamakon hoton ƙashi an rubuta ta, a darasin ƙwayoyin gado ma an ambace ta. Ma'anarsu ɗaya ce, ko dai suna ne kawai ya haɗa su?

Mai_Hoto:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Suna ne kawai, kuma ba wanda ake kunnawa a waya ba ne.

A hoton ƙashi, ana yi wa mutum allurar teknetiyam-99m, wani sinadari mai fitar da radiyeshan, ta jijiya, ya jira awa 2 zuwa 4 yana shan ruwa, ya yi fitsari, sannan a kwantar da shi ƙarƙashin kyamarar gama, wadda ke gano inda sinadarin ya taru. Sinadarin yana taruwa ne a inda ƙashi ke gyaran kansa, sai wurin ya fito fiye da kewayensa. Shi ne hotsifot, wato "wuri mai zafi", ko da yake in kin taɓa ba za ki ji zafin komai ba. Kuma ba lallai kansa (ciwon daji) ba ce. Karaya, ko ta tsufa, tana nuna haka, da ciwon gaɓɓai, da ƙwayar cuta a ƙashi, da kansar mama ko ta furostet da ta bazu. Ga masu sikila abin ya fi wuya, domin ƙashin da jini ya yanke masa yakan yi kama da wanda ƙwayar cuta ta shiga.

Inda ake yawan tafka kuskure: allura ta zube a gefen jijiya, ko ɗigon fitsari ya taɓa wando, sai ga tabo a hoto alhali ƙashin lafiya lau. Shi ya sa ake rubuta hannun da aka yi allurar. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk awa 6.

Dakta_Fagge:
Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: a hoton maƙoƙo lissafin juyewa yake. Ƙullutu mai zafi da wuya ya zama kansa. Mai sanyi, wanda bai ja sinadarin ba, shi ake tsira wa allura a ɗebo a duba.

Malamin_Lab:
A ilimin gado kuwa, ana nufin gurbin da sauyi ke yawan faɗawa a cikin DNA fiye da sauran wurare. Seymour Benzer ya nuna haka a 1961 a kan ƙwayar bairos T4. Dalili ɗaya sananne: DNA jerin haruffa huɗu ne, A, C, G da T, kuma inda harafin C ya zo kafin G, sau da yawa C ɗin yana ɗauke da wani ɗan sinadari mai suna metil, in ya lalace sai ya koma T, kuma ba kullum gyara ke kama shi ba.

Misalin da ya shafe mu a Kano shi ne TP53, ƙwayar gadon da ke taka wa ciwon daji birki. Guraben da ta fi lalacewa sun haɗa da 175, 248 da 273. Amma a kansar hanta a Afirka ta Yamma, gurbi na 249 ne ya yi fice, inda G ke komawa T. Mai jawo shi afalatoksin ne, dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka ɗure a buhu ba su gama bushewa ba. In ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkuwa yake. Soyawa ba ta kashe dafin nan, don haka ƙuli-ƙulin ruɓaɓɓiyar gyaɗa bai tsira ba. A tsince masu baƙi da masu funfuna a zubar, a ɗora buhu kan katako, kar a jingina shi da bango mai laima.

Ɗalibar_Gwale:
Na gode malamai. To wanda jami'an rigakafi ke faɗa fa?

Dakta_Fagge:
Wannan na taswira ne, ƙanwata: unguwa ko ƙaramar hukumar da cuta ta fi yawa, kamar kwalara da damina. Can ake fara tura ma'aikata da magani.