Waɗanda suka taɓa aikin sa ido a zaɓe: me kuka gani?

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Wata ƙungiyar farar hula ta ɗauke ni aikin sa ido a zaɓe mai zuwa. Yayyena da kuka taɓa yi, shin aikin nan yana canza wani abu, ko kuwa riga da kati kawai ake rataya wa mutum?

Dattijon 99: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni na yi a 1999 ƙarƙashin TMG, gamayyar ƙungiyoyin farar hula masu sa ido a zaɓe, lokacin da soja ke shirin miƙa mulki. Takarda da biro muka riƙe, wayar salula ba ta yaɗu ba tukuna. Ka sani tun yanzu, ba ka da ikon hana komai a rumfa. Ba za ka taɓa akwati ba, ba za ka yi gardama da jami'i ba, naka kallo da rubutu. Amfanin rubutun sai daga baya yake fitowa. Bayan zaɓen 2007, wanda Shugaba 'Yar'adua da bakinsa ya ce yana da kurakurai, rahotannin masu sa ido na cikin abin da ya matsa aka kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Uwais. Farfesa Jega, tsohon shugaban ASUU, yana cikin kwamitin, kuma shi ya zama shugaban INEC a 2010.

Malama: Baba, gaskiya ne, amma a faɗa masa sauran. Kwamitin ya ba da shawarar a cire naɗa shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a kuma kafa hukumar hukunta masu maguɗi. Ba a aiwatar da ko ɗaya ba a lokacin. Ni a 2019 na yi, kuma abin da ya fi ci mini rai ba a cikin rumfa ya faru ba. A bayanta ake cinikin ƙuri'a, mutum ya nuna wanda ya zaɓa ya karɓi kuɗi. Na rubuta, na tura. Ban ji an kama kowa ba.

Mai lissafi: Malama, ni kuwa na ga inda aikin ya yi rana. Na yi da ƙungiyar Yiaga Africa, inda ake zaɓo samfurin rumfuna, kowane mai sa ido ya turo alƙaluman takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, ta saƙon tes, a haɗa a kwatanta da sakamakon da aka shelanta. Ƙungiyar sa ido ta NAMFREL ta ƙasar Filifin ce ta yi suna da irin wannan ƙidayar gefe a 1986, zamanin Shugaba Marcos, takwararta CODEO ta Gana kuma ta yi amfani da samfuri a 2008. Mai son murɗa sakamako a wurin tattarawa yakan ja baya idan ya san wani na riƙe da lissafi. Kuma matsin lambar ƙungiyoyi, har da zanga-zanga a Abuja, ya taimaka aka sa hannu kan Dokar Zaɓe ta 2022 da ta ba na'urar tantance masu ƙuri'a ƙarfin doka.

Malama: Ban musa ba. Sai dai kuɗin yawancin ƙungiyoyin nan daga waje yake zuwa, tallafi na ƙarewa ofis ya yi tsit. Wasu kuma 'yan siyasa ne ke kafa su a ɓoye don su fito su ce zaɓe ya yi kyau.

Dattijon 99: Shi ya sa, ɗana, ka fara binciken ko ƙungiyar taka tana cikin jerin waɗanda hukumar zaɓe ta tantance, ka kuma nemi rahotonta na zaɓen baya ka karanta. Ranar zaɓe ka isa kafin a buɗe rumfa, kada ka karɓi komai daga wakilin jam'iyya, kuma kada ka tafi sai an liƙa sakamako ka ɗauki hotonsa.