"Sai bango ya tsage": shin ta hau kan faɗuwar Babila?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." So nake mu aza ta a kan Babila, birnin da kufansa ke kusa da Hilla a Iraƙi, kimanin kilomita 85 kudu da Bagadaza. A shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) dakarun Sairus, sarkin Farisa, suka shige shi, kuma allon tarihin Babilawa ya ce sun shiga ba tare da yaƙi ba. Birnin da shahararren sarkinsa Nebukadnezzar ya ƙarfafa ganuwarsa ninki-ninki, shekara 23 kacal bayan mutuwarsa! Ni a ganina tsagar daga ciki take. Nabonidus, sarkin Babila na lokacin, ya bar gari ya tare a Taima, cikin hamadar Larabawa, wajen shekara 10, ya bar wa ɗansa Belshazzar riƙo. Bikin sabuwar shekara ba ya yiwuwa sai sarki na nan, aka yi ta tsallake shi. Ga kuma fifita gunkin wata, Sin, a kan Marduk wanda mutanen birnin ke bauta wa.

Jikan Magina: Wa alaikumus salam. Malam, ni a gidan magina na tashi. Bayan damina za ka ga katangar ƙasa ta yi wani siririn layi daga sama, ko tsinke da ƙyar zai shiga. In ba a kwaɓa ƙasa da ramno an yaɓe ba, kafin wata damina ƙadangare ya mai da wurin ɗaki. Ƙadangaren bai fasa komai ba, samu ya yi. Shi ya sa dattawa ke faɗin maganar in 'yan'uwa sun ɓata har bare ya sami bakin magana. Mai gida ake tuhuma. To a nan ta hau Nabonidus daram.

Hajiya Mai Littattafai: Ban yarda gaba ɗaya ba. Sairus ne ƙadangare? Mutumin da ya ci daular Mediya a shekara ta 550, ya wuce ya kayar da Lidiya, ƙasar sarki mai dukiya Kurisus? Kafin ya iso Babila sai da aka gwabza a Ofis, bakin kogin Dijla, aka yi wa rundunar Babila kaca-kaca, sannan garin Siffar ya faɗi. Karin maganar tana nufin ƙaramin abu da ba zai iya komai ba sai an ba shi kafa. Wanda ya zo da rundunar da za ta rushe katangar ko lafiyayya ce, ba a kiransa ƙadangare.

Ɗan Kafanchan: Na gaishe ku duka. Bari in kawo yadda muke karanta labarin a Littafi Mai Tsarki, Daniyel sura ta 5. Belshazzar ya shirya wa manyansa dubu liyafa, ya sa aka ɗauko kofunan zinariya da azurfa da Nebukadnezzar ya kwaso daga Haikalin Urushalima, suka sha ruwan inabi a ciki suna yabon gumaka. Sai ga yatsun hannu suna rubutu a jikin bangon fada, daura da fitila. Sarki ya tsorata har gwiwoyinsa na karo da juna. Daniyel ya fassara: an ƙidaya kwanakin mulkinka, an auna ka ba ka cika ma'auni ba, an raba mulkinka ga Mediyawa da Farisawa. A daren aka kashe shi. A wurinmu tsagar girman kai ce da raina abin da aka keɓe wa Allah. Da ni zan zaɓa, "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" zan ce.

Malamin Tarihi: Madalla ɗan'uwa. Amma ta jifa faɗuwa kawai take nunawa, ba ta gaya mana ta ina aka shiga ba. Hajiya, ƙarfin Sairus gaskiya ne, sai dai birni mai ganuwa irin wannan, ga kogin Furat ya ratsa tsakiyarsa, zai iya jure kewaye na watanni. Me ya hana?

Hajiya Mai Littattafai: To in haka ne ka canza karin magana, Malam: "Da ɗan gari akan ci gari." Ita ce ke zancen haɗin baki. Amma a yi hattara. Yawancin abin da ke zagin Nabonidus bayan faɗuwarsa aka rubuta shi. Wani dunƙulen yumɓu mai ɗauke da rubutun sanarwar Sairus da aka tono a Babila a 1879, yana gidan tarihi na Landan yanzu, cewa yake Marduk ne da kansa ya kama hannun Sairus ya kawo shi, mutane kuma suka tarbe shi da murna. Wa ya sa aka rubuta? Wanda ya ci yaƙi. Kowane mai mamaya zai so a ce bango ya tarar a tsage.

Ɗalibar Jami'a: Hajiya, ni wannan ne ya tsaya mini a rai. Kuma ai Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke na zamanin da, wani labarin ya bayar: an karkatar da ruwan Furat, sojoji suka biyo ta cikin kogin suka shiga, mutanen gari na can suna biki. Zancen biki ya yi kama da na Daniyel. In haka aka yi, dabara ce ta ci gari, ba ɗan gari ba.

Jikan Magina: Ƙanwata, ko a wannan ɗin, wa aka bar wa tsaron ƙofofin bakin kogi? Wanda aka ce ya yi gadi ya tafi wurin kiɗa, ai tsaga ce.

Hajiya Mai Littattafai: Wannan kam na karɓa. Abin da nake gudu shi ne yadda ake amfani da maganar ana wanke azzalumi. Na ji an faɗa wa matar da makirai suka raba da mijinta, tana kuka, wai sai bango ya tsage. Wannan ƙarin gishiri ne a kan gyambo. Muhallinta gargaɗi tun kafin a shigo. Da a ce wani bafade ya gaya wa Nabonidus ita tun yana Taima, da ta yi rana.

Ɗan Kafanchan: Kuma kada a manta da waɗanda shigowar ta yi wa daɗi. Yahudawan da aka kwaso bauta bayan rushe Urushalima, Sairus ne ya ba su izinin komawa su sake gina Haikali, har ya mayar musu da kayan da aka kwashe, kamar yadda Ezra sura ta 1 ta faɗa. Su ba za su taɓa kiransa ƙadangare ba. A littafin Ishaya ma zaɓaɓɓen Ubangiji aka kira shi.