Inshorar bizar Schengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) tana aiki a cikin jirgin ruwa kuwa?

Salam jama'a, don Allah wanda ya sani ya taimaka min, kaina ya kulle. Ni da Hajiyarmu za mu hau jirgin ruwan yawon shaƙatawa na kwana 7, daga Barsalona ta Sifen zuwa Marsel ta Faransa da Italiya mu dawo. Mun riga mun sayi inshorar lafiya ta Yuro 30,000 ɗin nan da ake nema kafin a ba da biza, amma jiya da daddare na zauna na karanta takardar layi-layi da fitilar waya, ko sau ɗaya ba a ambaci jirgin ruwa ba.

Abin da ke damuna shi ne Hajiya tana da ciwon suga da hawan jini, kullum jakar maganinta na hannunta, kuma likitan cikin jirgi kuɗi yake caja, to in Allah ya kiyaye jikinta ya tashi a tsakiyar teku har sai an ɗauke ta da helikwafta wa zai biya? Kuma ciwon da take da shi tun kafin tafiya yana ciki?

Na kira kamfanin inshorar sau 3, kullum sai a ce za a neme ni. Ƙari zan saya a kan wannan ko sabuwa gaba ɗaya? Saura sati 3 mu tashi.